Haɗa agogo mai kama da na alfarma: wane inji za ka ɗora shi a kai?

Idan mutum ya ce ya ƙera agogon hannu a ɗakinsa, galibi abin da yake nufi shi ne ya haɗa. Inji daga wata masana'anta, gida daga wata, fuska da hannaye daga wata, shi kuma ya zauna da hantsaki da madubin ƙara girma ya harhaɗa su har su zama abu guda mai tafiya. Aiki ne mai cin ido da haƙuri, kuma wanda bai taɓa yi ba ne kawai zai raina shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga hoto. Mutum ya ga Submariner na Rolex, wanda ya fito a 1953, ko Royal Oak na Audemars Piguet na 1972, sai ya faɗa intanet neman gida mai wannan siffar. Sai kaya sun iso ya tarar fuska ba ta hau injin ba, ko hannun daƙiƙa ya ƙi zama. Inji ne ke yanke kaurin gida, da faɗin fuska, da wurin tagar kwanan wata, da girman ramin kowane hannu. Daga shi ake fara lissafi, siffa ta biyo baya.

Kafin a shiga injuna, akwai maganar suna. Agogo mai kwaikwayon siffar wani sanannen agogo daban, agogon da aka buga wa suna da tambarin kamfanin da bai yi shi ba daban. Na biyun jabu ne, ko a masana'anta aka yi shi ko a kan teburin ɗaki. Kariyar da doka ke ba sabuwar fasaha tana ƙarewa bayan shekara 20, shi ya sa ake kwafar tsofaffin injunan Suwizalan ba tare da fargaba ba. Tambarin kasuwanci kuwa ana sabunta shi ne muddin kamfani yana raye. Sayar da agogo mai tambarin da ba nasa ba laifi ne a mafi yawan ƙasashe, kuma jami'an kwastan suna da ikon kama kayan da ke ɗauke da shi tun a hanya. Har rubutun da ke cewa an yi agogo a Suwizalan yana da dokarsa: tun 2017 sai kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙera shi ya kasance a ƙasar aka kashe. Wani abin da ake mantawa, fuskar da wani ɗan kasuwa ya buga wa sunan Seiko ita ma jabu ce, ko da injin da ke ƙarƙashinta na Seiko ne na gaske. Mafita ita ce fuska marar suna, ko wadda ka sa aka buga maka alamarka. A ganina ma ta fi daɗin ɗaurawa, don babu ranar da za ka riƙa ja da hannun riga idan masani ya ƙura wa wuyan hannunka ido.

Hanyoyin shiga harkar uku ne. Akwai ƙunshin da ake sayarwa da komai a ciki, har da kayan aiki da bidiyon koyarwa. Komai nasa ya dace da juna, amma ya fi tsada, kuma zaɓinka bai wuce launuka biyu ko uku ba. Akwai sayen agogo cikakke a canza masa kamanni. Wannan al'ada ta bunƙasa ne a kan Seiko SKX007, agogon masu nutso da aka yi daga 1996 zuwa 2019, wanda aka yi ta ƙera masa fuskoki da zobba da gilasai kala-kala. Tunda aka daina yin sa ya yi tsada, ga injinsa 7S26 ba a iya wana shi da hannu ta murɗa maɓallin gefen agogo, kuma hannun daƙiƙarsa ba ya tsayawa idan za ka saita lokaci. Sayen sa a yau don a farke shi asara ce. Hanya ta uku ita ce sayen kowane ɓangare daban, kuma ita ce mafi yawan masu sha'awa ke komawa gare ta daga baya, domin a nan ne kake da cikakken iko. A nan ne kuma zaɓin inji ke zama komai.

Wanda aka fi amfani da shi, da tazara mai nisa, shi ne NH35 na rukunin Seiko. Shi ne injin da kamfanin ke sawa a agogunansa da sunan 4R35, sai dai wannan an yi shi don sayar wa wasu. Yana da duwatsu 24 (ƙananan duwatsu masu rage gogayya a inda giyoyi ke juyawa), yana bugu 21,600 a awa, wato 6 a kowace daƙiƙa, kuma idan ya cika yana kai kimanin awa 41 a ajiye kafin ya tsaya. Motsin hannu ke wana shi ta wani faifan nauyi da ke juyawa a bayansa, kuma ko ta wane gefe faifan ya juya aiki yake yi. Ana iya wana shi da hannu, hannun daƙiƙa kuma yana tsayawa idan an ja maɓallin gefe. A takarda an yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 20 ko gaggawar daƙiƙa 40 a rana, wanda ba abin alfahari ba ne, amma da ɗan daidaitawa yakan matso kusa sosai. Yana da 'yan'uwa da ke zama a gida ɗaya da shi: NH36 mai nuna ranar mako tare da kwanan wata, NH38 marar kwanan wata, da NH34 mai ƙarin hannu na nuna lokacin wata ƙasa.

Ƙarfin NH35 ba a lambobin nan yake ba. Yana cikin yawan kayan da aka yi dominsa. Kusan duk siffar agogon alfarma da ka sani, akwai wanda ya ƙera mata gida mai ɗaukar wannan injin, da fuska mai faɗin milimita 28.5, da hannaye masu ramin da ya dace. Yawancin fuskokin ma suna zuwa da ƙafafu 4 a bayansu, biyu na gidan da maɓallinsa ke daidai ƙarfe 3, biyu na wanda maɓallinsa ya sauko kusa da ƙarfe 4 kamar SKX. Ka datse waɗanda ba ka buƙata, ka goge tushensu da magagari. A NH36 ne ake yin tuntuɓe a nan, domin faifan ranakun mako na gida mai maɓalli a 3 daban yake da na mai maɓalli kusa da 4, idan aka saɓa sai rubutun ya leƙo a karkace ta taga. Sannan injin yana yafe wa ɗan koyo. Cire tsinken maɓalli, wato siririn ƙarfen da ya haɗa maɓalli da inji, wanda za ka yi sau da yawa kafin ka gama, abu ne mai sauƙi: maɓalli yana ciki, ka danna wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai ɗigo a gefen inji, ka zare. In ma ka lalata injin gaba ɗaya, sabo ba zai karya ka ba, kuma sau da yawa sayen sabo ya fi kai wa mai gyara araha.

Aibinsa kauri. Milimita 5.32 ne shi kaɗai, don haka agogon da aka gina a kansa yakan kai milimita 12 ko 13. Ga agogon nutso wannan ba matsala ba ce, dama masu jiki ne. Amma ka ɗauki Royal Oak na farko: faɗinsa milimita 39, kaurinsa wajen 7, domin injin da ke cikinsa milimita 3.05 ne kacal. Haka Nautilus na Patek Philippe da ya fito a 1976, wanda mutum guda, Gérald Genta, ya zana su duka biyun. Kyan waɗannan agogunan yana cikin yadda suke kwantawa a hannu. Ka cusa NH35 a irin wannan siffa, daga sama za ka ga kama, daga gefe kuma ka ga tulu. Kama da wane ba ta wane, kuma a nan ne maganar ta fi fitowa fili.

Wanda ke son siriri sai ya dubi Miyota 9015 na rukunin Citizen, wanda ya fito a 2009. Kaurinsa milimita 3.9, bugunsa 28,800 a awa, wato 8 a daƙiƙa, don haka hannun daƙiƙarsa ya fi sulɓi a ido. Iyakar kuskurensa a takarda ma ta fi tsauri: jinkirin 10 zuwa gaggawar 30. Inji ne mai kyau ƙwarai, kuma na fi ganin darajarsa fiye da yadda ake ba shi. Abu biyu ke rage masa kasuwa a wurin masu haɗawa a gida. Na farko, gefe ɗaya kawai faifan nauyinsa ke wana sifirin da ke ajiye ƙarfin tafiyar agogo, idan ya juya ta ɗaya gefen sai ya yi ta gudu a banza, har kana jin ƙararsa da ɗan girgiza a hannu. Na biyu, kayansa ba su da yawa. Fuskar NH35 ba ta hawa kansa ba tare da an yanke ƙafafu an manna da gam ba, kuma tagar kwanan wata ba lallai ta faɗa daidai ba. Za ka sami gida da fuska, amma cikin goma da kake so wataƙila biyu ne aka yi dominsa.

Ƙanensa a daraja kuma yayansa a shekaru, Miyota 8215, yana nan tun 1977. Yana da arha da juriya, amma ya fi NH35 kauri, milimita 5.67, kuma an san shi da ɗan tsayawar da hannun daƙiƙa ke yi idan an girgiza agogo. Lokaci ba ya ɓacewa, ido ne kawai ba ya so. Ban ga dalilin zaɓensa ba sai in gidan da kake mutuwar so shi kaɗai yake ɗauka.

Sai dangin ETA 2824-2, injin Suwizalan da ya cika agoguna masu matsakaicin tsada tun farkon shekarun 1980. Duwatsu 25, bugu 28,800, faɗi milimita 25.6, kauri 4.6, ajiyar ƙarfi kimanin awa 38. Tunda rukunin Swatch, mai kamfanin ETA, ya taƙaita sayar wa na waje, samun na asali ya yi wuya, sai tagwayensa suka cika gurbin. Akwai Sellita SW200 na Suwizalan mai duwatsu 26, akwai kuma na Sin irin su Seagull ST2130 da PT5000. Duk awonsu ɗaya, gidan da ya ɗauki ɗaya zai ɗauki sauran. Wannan dangi ne ke ba da abin da ya fi kusa da agogon alfarma a hannu: siriri daidai gwargwado, hannun daƙiƙa mai tafiya sumul, da tsarin daidaita lokaci mai ɗan sukuru da ya fi na Seiko sauƙin lallaɓawa.

Amma fa ba ya son hannu mai nauyi. Wurin cire tsinkensa ɗan maɓalli ne da ake dannawa, kuma idan ka danna shi ya nutse fiye da kima, ƙananan ƙarafan da ke sarrafa wana agogo da saita lokaci sai su goce daga mazauninsu. Gyaran yana ta gefen fuska ne, wato sai ka cire hannaye, ka cire fuska, ka ɗaga faifan kwanan wata, duk aikin da ka gama ya koma baya. Masu gyara suna amfani da sukudireba mai ɗan faɗi, wadda bakinta zai tokare a ramin ya hana ta wuce gona da iri. Haka nan yawan wana shi da hannu yana cinye haƙoran wasu giyoyinsa. Na Sin kuma ingancinsu ya danganta da wanda ya sayar maka: wani ya zo da mai daidai, yana tafiya kamar na Suwizalan, wani ya zo a bushe. Kada kuma ka ɗauka hannayen Seiko za su hau. Ramin hannun awa da na minti kusan ɗaya ne, milimita 1.5 da 0.9, amma na daƙiƙa a ETA 0.25 ne, a Seiko 0.2. Wannan ɗan bambancin ya isa ya sa hannu ya ƙi shiga ko ya riƙa faɗuwa. Ga agogo na biyu ko na uku, dangin 2824 zaɓi ne mai kyau. Ga na farko, tsadarsa da saurin fushinsa sun yi yawa.

Akwai wanda ba a cika ambatawa ba, alhali shi ya fi kowanne koyar da mutum: Unitas 6497 da ɗan'uwansa 6498, da kwafinsu na Seagull da ake kira ST36. Tun wajen 1950 aka zana shi don agogon aljihu, shi ya sa faɗinsa ya kai milimita 36.6. Da hannu kaɗai ake wana shi, ba faifan nauyi, ba kwanan wata, duwatsu 17. Komai nasa babba ne, kana kallon wilin bugu, wato wilin da ke ƙayyade saurin agogo, yana kaiwa da komowa, kana bin giya ɗaya bayan ɗaya da ido, shi ya sa makarantun koyon gyaran agogo da yawa ke fara wa ɗalibai da shi. Bambancin biyun wurin ƙaramin hannun daƙiƙa ne: idan maɓalli yana ƙarfe 3, na 6497 yana faɗawa a ƙarfe 9, na 6498 a ƙarfe 6. A da, masana'antar agogo ta Panerai ta daɗe tana amfani da injin da aka gina a kan 6497, don haka mai son manyan agoguna irin nata, ko irin na matuƙan jirgin sama, a nan ne kwaikwayo ya fi kusa da asali, har cikin ciki. Kuma tunda babu kwanan wata, sa hannaye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalarsa girma. Gidansa yana farawa ne daga milimita 41 ko 42, da yawa kuma 44 ne, mai siririn hannu zai ji kamar ya ɗaura agogon bango. Tsinkensa kuma sukuru ke riƙe shi, ana sassauta shi ne kaɗan, in ka kwance shi duka abin da yake riƙe da shi ya faɗi ta ƙarƙashin fuska.

Masu mafarkin Daytona ko Speedmaster, agoguna masu awon gudu da ƙananan da'irori a fuska, su yi hattara da gidajen da ake sa wa inji na yau da kullum a bar da'irorin a matsayin ado, maɓallai ba sa yin komai. Abin kunya ne a hannu. Zaɓi na gaskiya biyu ne. Seiko VK63 batir ke tafiyar da shi, amma sashen awon gudunsa yana da ƙarafa irin na injin sifirin, hannunsa yana komawa sifili da ƙyas ɗaya. Seagull ST19 kuwa na sifirin ne zalla, jikan Venus 175 na Suwizalan wanda aka sayar wa Sin kayan ƙera shi a shekarun 1960. Kyakkyawa ne ta murfin gilashi, amma hannaye da yawa ne za ka daidaita su duka su tsaya cak a kan sifili. Ba aikin farawa ba ne.

Ko wane inji ka ɗauka, wurare biyu ne ke raba mai haƙuri da mai gaggawa. Na farko sa hannaye. Za ka ja maɓalli, ka juya a hankali har kwanan wata ya yi tsalle, ka tsaya nan: wannan ne sha biyun dare, a nan za ka dasa hannun awa yana kallon 12, sannan na minti a kansa. Ka duba ta gefe da madubi, kowane hannu ya kwanta a miƙe, akwai 'yar iska tsakaninsa da na ƙasansa, ka zagaya da su awa 12 cur ka ga ba inda suka gogi juna. Hannun daƙiƙa shi ne mai sa gumi. Kana ƙoƙarin zura bututun da ido da ƙyar yake gani a kan tsinin da bai kai kaurin allura ba, numfashinka kansa yana iya ture shi. Da yawa suna ɗaukarsa da ɗan ƙullin Rodico, wani abu mai danƙo da kamfanin Bergeon ke yi, wanda kuma da shi ake ɗebe ƙura da shatin yatsa daga fuska. Na biyu yanke tsinke. Yana zuwa da tsawo fiye da buƙata, sai ka auna, ka datse, ka goge bakin, ka gwada. Kamar tela ne da wando: ragewa ba wuya, mayar da abin da almakashi ya ci ne ba ya yiwuwa. A gida mai maɓallin da ake murɗawa ya kulle, rabin milimita ya isa ya hana shi rufewa ko ya hana injin wanuwa. Ka sayi tsinke biyu ko uku tun farko.

Daidaita lokaci yana buƙatar na'urar sauraron bugu, ko aƙalla manhajar waya mai yin wannan aikin. A NH35 akwai 'yan hannaye biyu a saman wilin bugu, ɗaya na gudu da jinkiri, ɗaya na daidaita bugun hagu da dama, kuma turin da ido bai ma gani ba yana iya canza daƙiƙa 20 a rana. Siririn sifirin da ke wurin, idan hantsaki ya taɓa shi, injin ya tashi aiki. Hukumar COSC ta Suwizalan tana ba inji shaida ne idan bai wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar 6 a rana ba, Rolex kuma tana alƙawarin 2. Wanda ya sami nasa a cikin daƙiƙa 10 ya rufe murfi ya bar shi haka.

Inda na gida ba zai kamo na asali ba shi ne gogewar ƙarfe da sarƙa. Yawancin gidajen da ake sayarwa na ƙarfen 316L ne, mai kyau ne ba laifi, Rolex kuwa 904L take amfani da shi, amma bambancin da hannu ke ji yana cikin kaifin gefuna da yadda makullin sarƙa ke rufewa. Idan kuɗi ya rage, a zuba shi a gida mai gilashin safaya, wanda ba ya karcewa da sauƙi, da sarƙa mai nauyi. Batun ruwa kuma, rubutun mita 200 a murfin baya ba ya nufin komai idan kai ka rufe agogon. Sai ka shafa wa robobin hana ruwa man silikon, ka ɗaure murfi da kyau, sannan mai gyara ya gwada shi a na'urar matsin iska kafin ka yarda ka shiga ruwa da shi.

To wanne za a ɗauka? Idan agogon farko ne kuma siffar nutso ko ta Datejust na Rolex kake so, NH35 da fuska marar suna, gida mai maɓalli a ƙarfe 3. In ma kana iya haƙura da kwanan wata, NH38 ya rage maka rabin wahalar sa hannaye. Idan abin da ke jan ka shi ne sanin yadda agogo ke aiki, kuma hannunka zai ɗauki milimita 42, ST36 ya fi kowanne amfani, don za ka iya warware shi gaba ɗaya ka mayar. Mai son siffofin Genta ya jira har hannunsa ya faɗa, sannan ya nemi gidan da aka yi wa Miyota 9015 ko dangin 2824 musamman, ya sayi gida da fuska da hannaye a wurin mai sayarwa guda, kuma kafin ya biya ya tambayi kaurin gidan tare da gilashi da murfin baya, ba faɗinsa kaɗai ba.